Tempe: Abin da Ke Cikin Dafaffensa

Tempe abinci ne na mutanen tsibirin Jaba a ƙasar Indonesiya, ana yin sa da waken suya. Ana jiƙa waken, a cire ɓawonsa, a dafa, sannan a barbaɗa masa wata fumfuna mai suna Rhizopus, a naɗe a ganyen ayaba ko leda mai ƙananan huji. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai ɗumi, farin saƙar fumfunar kan haɗe ƙwayoyin waken su zama dunƙule mai tauri da ake yankawa da wuƙa.

Ba a cin sa ɗanye. Ana turara shi, ko a soya, ko a saka a miya. Giram 100 na dafaffen tempe yana ɗauke da kalori kusan 195, furotin kusan giram 20, mai giram 11, da kabohaidret kusan giram 8. Akwai kalsiyam kimanin miligiram 96 da sinadarin ƙarfe miligiram 2, gishirinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Wannan adadi na furotin ya kusa kama na nama, shi ya sa iyalai masu ƙaramin ƙarfi a Jaba suka daɗe suna dogaro da shi.

Tsimawar da fumfunar ke yi wa waken ce ta ba shi daraja. Fumfunar tana rage sinadarin fitet, wanda kan hana jiki shan ƙarfe da zinki daga wake, tana kuma sassauta furotin ɗin har ciki ya narkar da shi ba wahala. Wanda wake ke kumbura masa ciki yakan samu sauƙi da tempe. Idan aka kwatanta da awara, wadda ake yi da madarar waken bayan an tace dusar, tempe ya fi ta ƙosarwa, domin ƙwayar waken gaba ɗaya ake ci.

Dahuwa ba ta taɓa furotin sosai. Suya a mai mai yawa ce ke ƙara kalori, don tempe yana shan mai. Batun bitamin B12 kuwa, ba fumfunar ke samar da shi ba, wasu ƙwayoyin bakteriya ne da kan shiga yayin tsimawa, kuma yawansa ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan. Wanda ba ya cin nama bai kamata ya dogara da tempe wajen samun wannan bitamin ba.