Gwajin PSA a rumfar duba lafiya kyauta: me lambar da ke kan takardar take nufi?

An saba ganin rumfa a harabar masallacin Juma'a ko filin makarantar firamare, an jera kujerun roba, ma'aikatan lafiya suna auna hawan jini da sikari kyauta. Wani lokaci akan ware teburi guda a gefe a ce na maza ne da suka fara manyanta, za a ɗebi jini a duba sankarar furostet. Dattawa su yi layi, kowa ya naɗe hannun riga, a cake shi, daga baya a miƙa masa 'yar takarda mai haruffa uku, PSA, da wata lamba a gabansu. Abin da ke damuna shi ne yawanci a nan zancen yake tsayawa. Mutum ya ninke takarda ya soke a aljihu, wani ya tafi gida da murnar da ba ta da tushe, wani kuma ya kwana bai runtsa ba a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Shi wannan furostet ɗin ba shi ne mafitsara ba?

A'a, ko da yake a rediyo sau da yawa za ka ji ana cewa “kansar mafitsara” alhali furostet ake nufi. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ciki, mace da namiji kowa yana da ita. Furostet kuwa ɗan curin nama ne da namiji kaɗai ke da shi, girmansa bai wuce goro ɗaya ba. Yana ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kuma shi ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi.

Idan shekaru suka ja yakan ƙara girma ya matse bututun. Shi ya sa dattijo zai tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya tsuguna ya daɗe, fitsarin ba ƙarfi, ya gama kuma ya ji yana ɗiga har ya shiga kokwanton tsarkinsa. Wannan kumburin tsufa ne, ba sankara ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya zama sankara. Sai dai mutum ɗaya yana iya samun duka biyun.

To me gwajin jinin yake aunawa?

PSA wani sinadari ne da furostet ke fitarwa don tsinka maniyyi, kaɗan daga cikinsa yakan tsallaka cikin jini. Duk abin da ya taɓa furostet yana iya ƙara yawan wanda ke tsallakawa: sankara, kumburin tsufa, ƙwayar cuta a hanyar fitsari, robar fitsari da aka sa wa mutum. Gwajin ba ya ganin sankara. Kamar ka hango hayaƙi ne yana tashi daga bayan katangar maƙwabci. Daga inda kake tsaye ba za ka san girki ake yi ko gobara ce ba sai an leƙa. A Amurka ma da farko, a 1986, an amince da shi ne don bibiyar waɗanda aka riga aka san suna da cutar. Sai a 1994 aka amince a yi amfani da shi wajen neman cutar, kuma tare da dubawar likita.

Daga lamba nawa ake cewa akwai matsala?

Likitoci sun daɗe suna ɗaukar 4 a matsayin iyaka, wato nanogiram 4 a kowace mililita ta jini. Amma iyakar ba katanga ba ce. Cikin mazan da lambarsu ke tsakanin 4 da 10, kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ake samu da sankara, ukun ba su da ita. Idan ta haura 10, yiwuwar ta wuce rabi. A ɗaya gefen kuma, wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya gano sankara a jikin kusan 15 cikin 100 na mazan da lambarsu ba ta wuce 4 ba. Ga shi lambar tana hawa da shekaru: 4.5 a wurin ɗan shekara 72 ba ɗaya take da 4.5 a wurin ɗan shekara 47 ba.

Akwai kuma bambancin kayan aiki. A wasu tarukan ana amfani da ɗan tsinken gwajin gaggawa, irin na zazzaɓin cizon sauro, wanda iyakarsa ya nuna an haura iyaka ko ba a haura ba. Wanda tsinke ya nuna nasa ya hau, lallai ya sake a ɗakin gwaji inda za a ba shi lamba sak.

Sai na yi azumi kafin a ɗebi jinin?

Ba a buƙata, ci abincinka. Abin da ake so shi ne mutum ya ƙaurace wa iyali na kwana biyu kafin gwajin, saboda fitar maniyyi yana ɗaga lambar na ɗan lokaci. Haka tuƙa keke mai nisa da motsa jiki mai tsanani. Wanda ke fama da zafin fitsari ko zazzaɓin da ya taso daga hanyar fitsari ya yi magani tukuna, ya jira kamar mako shida. Wanda kuma yake shan finasteride ko dutasteride saboda kumburin furostet ya faɗa, domin waɗannan magunguna suna rage lambar da kusan rabi, sai a ga 3 alhali 6 ce.

Wannan yana cikin raunin gwajin rumfa. An yi shela da safe, mutum ya taho kai tsaye, ba wanda ya tambaye shi komai cikin waɗannan.

Ni lafiyata ƙalau, fitsarina ba matsala. Me zai kai ni?

Ai nan gizo yake saƙar. Sankarar furostet yawanci tana farawa ne daga bayan curin, nesa da bututun fitsari, don haka tana iya shekaru ba ta nuna komai ba. Lokacin da ta fara magana, sau da yawa ta riga ta kai ƙashi: ciwon baya da na ƙugu da ba ya jin magani, rama, jini a fitsari, wani lokaci ƙafafu su yi nauyi har mutum ya kasa tashi. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama maza, kuma mafi yawan masu ita a irin wannan halin suke isa asibiti, bayan an daɗe ana cewa sanyi ne ko basir. A matakin nan ana iya danne ta da allurar da ke rage sinadarin mazakuta, a sami sauƙi na shekaru, amma warkewa ta yi wuya.

Baƙar fata kuma ya fi kowa shiga hatsari. A Birtaniya ƙiyasi ya nuna namiji ɗaya cikin takwas zai gamu da cutar a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙen fata ɗaya ne cikin huɗu, kuma takan zo musu da wuri. Shi ya sa ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ce sauran maza su fara maganar gwaji da likita a shekara 50, baƙar fata a 45, wanda kuma 'yan'uwansa na jini fiye da ɗaya suka kamu da wuri ya fara tun a 40. Sankarar mama a wurin uwa ko 'yar'uwa ma abin faɗa wa likita ne, domin akwai ƙwayar gado da ke haɗa cututtukan biyu.

Wanda aka kama tasa da wuri yana da kyakkyawan zato. An gano ta a jikin Desmond Tutu, babban limamin Kirista na Afirka ta Kudu, a 1997, ya rayu har 2021. An yi wa Nelson Mandela magani a 2001, ya rasu a 2013 yana da shekara 95. Wole Soyinka ya fito fili a 2014 ya faɗi cewa ya yi fama da ita an kuma yi masa magani.

In haka ne, me ya sa ake cewa likitocin Turai da Amurka suna jayayya a kan gwajin?

Jayayyar gaskiya ce, kuma bai kamata a ɓoye wa mai zuwa gwaji ba. Sankarar furostet ba iri ɗaya ba ce. Wata tana gudu, wata kuwa tafiyar hawainiya take, mutum ya tsufa da ita ya rasu da wani dalilin daban ba ta taɓa damunsa ba. Gwajin PSA yana tono duka biyun. Da zarar an ce wa mutum yana da sankara kuwa, da wuya ya yarda a zuba mata ido, sai a yi tiyata ko gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura. Maganin yana da nasa farashin: wasu suna rasa ƙarfin kusantar iyali, wasu fitsari ya riƙa kuɓuce musu. Ga magidanci mai son ya tsaya sallah da tsarki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani babban bincike a ƙasashen Turai, wanda aka fara fitar da sakamakonsa a 2009, ya nuna gwajin yana rage mace-mace daga cutar da kusan kashi 20 cikin 100. Amma bayan shekara 16 ana bibiya, lissafin ya nuna sai an gayyaci maza 570 gwaji, an gano cutar a jikin ƙarin mutum 18, kafin a ceci rai ɗaya. Saboda irin wannan ne kwamitin ƙwararru na Amurka ya ce a 2012 a daina gwajin gama-gari, sannan a 2018 ya sassauta ya ce masu shekara 55 zuwa 69 kowa ya yanke wa kansa shawara bayan an yi masa bayani. A Birtaniya kuma an bi maza 1,643 masu cutar da ba ta yaɗu ba, wasu aka yi musu tiyata, wasu gashi, wasu aka sa musu ido kawai. Bayan shekara 15, kusan 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba, ko wace hanya aka bi da su.

Ra'ayina shi ne a karanta waɗannan alƙaluma da sanin inda aka tattara su. Yawancin mutanen da aka yi binciken a kansu fararen fata ne, a ƙasashen da ake kama cutar da wuri har ya yi yawa. Mu tamu matsalar akasin haka ce, ba ma kama ta sai ta ci ƙashi. Don haka namijin da ya kai 45 ina ganin ya je, amma ya je da sanin cewa lamba mai tsayi ba hukunci ba ce, kuma samun sankarar ma ba kullum yake nufin wuƙa ba.

An ce nawa ya hau. Yanzu fa?

Da farko a sake gwajin bayan wasu makonni, domin sau da yawa lambar takan sauko da kanta. Idan ta tsaya a sama, sai a ga likitan hanyar fitsari; akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Zai sa yatsa cikin safar hannu ta dubura ya taɓa furostet ɗin ya ji ko da tauri ko ƙullutu. Na san wannan ne ke korar maza da yawa. Abin bai kai minti ɗaya ba, a bayan labule ake yi, kuma neman lafiya ne, ba zubar da girma ba.

Daga nan ana iya ɗaukar hoton MRI inda ake da na'urar, sannan a tsakuro ɗan nama da siririyar allura a duba a madubin likita. Wannan ne kaɗai yake tabbatar da sankara, shi ne kuma yake nuna mai gudu ce ko mai rarrafe, da ma'aunin da ake kira Gleason. Mai maki 6 a wannan ma'auni, wato mai rarrafe, sau da yawa sa ido kawai ake yi. Zancen da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa sankara sai ta bazu, shi ne ya hana mutane da yawa wannan mataki har lokaci ya ƙure musu. Hatsarin da aka sani a tsakuro naman shi ne ɗan jini da shigar ƙwayar cuta, shi ya sa ake ba da magani kafin a yi.

Me ya kamata in tambayi masu shirya taron kafin in miƙa hannu?

Ka tambaye su wa zai yi maka bayanin sakamakon, kuma idan ya hau ina za su tura ka, da takarda ko da baki kawai. Taron da ba shi da amsar wannan, ɗibar jini kawai ya zo yi. Ka duba an ɓare sabuwar allura a gabanka. Ka nemi a ba ka sakamakonka a keɓe, ba a kira suna a faɗi lamba cikin jama'a ba. Idan kuma ka ga teburin gwaji yana jingine da teburin sayar da wani garin magani ko ƙwayoyin “wanke furostet”, ka kama gabanka. Babu wani haɗi da aka tabbatar yana warkar da wannan cuta.

Takardar kuma kada ka yar. Yadda lambar ke tafiya daga shekara zuwa shekara ya fi lamba ɗaya faɗa wa likita gaskiya. Wanda tasa ba ta kai 2.5 ba yana iya jira shekara biyu kafin ya sake, wanda ta kai haka ko ta wuce ya riƙa yi duk shekara.

Mahaifina yana da shekara 78, ba ya jin komai. In kai shi?

Idan ba ya kukan komai, yawancin ƙwararru ba sa ba da shawarar gwajin neman cuta bayan shekara 70, domin abin da za a tono zai fi wahalar da shi da bincike da magani fiye da ya ƙara masa kwana. Amma idan yana kukan ciwon baya ko ƙugu da ya ƙi tafiya, ko fitsari yana tsaya masa, ko ka ga yana ramewa, kada ka jira ranar da za a kafa rumfa. Ka kai shi asibiti cikin makon nan, ka faɗa wa likita duk abin da ka lura da shi.