Me ake nufi da "tattalin arzikin yaƙi"?

Tun da rikicin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 ake yawan jin wannan kalma a labarai. A taƙaice, yanayi ne da gwamnati ke karɓe ragamar kasuwa saboda yaƙi: ita za ta ce ga abin da masana'anta za ta ƙera, ga wanda za a ba ƙarfe da mai, ga iya sukarin da magidanci zai saya. Buƙatar soja ce a gaba, ta farar hula sai abin da ya rage.

Amurka a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta isa misali. Kamfanonin mota sun daina ƙera motar hawa tun 1942, Ford ya koma haɗa jiragen yaƙi. Nama da sukari da fetur, har takalmi, ba a sayensu sai da takardar rabo. Shugaba Franklin Roosevelt na mulki, sakataren baitulmalinsa Henry Morgenthau kuma yana ta tallar takardun lamuni, wato gwamnati na cin bashin talakawanta don ta sayi makamai.

Amma ni abin da ya fi nuna mini zurfin lamarin shi ne kwabo. A lokacin, jan ƙarfe ake yin kwabon Amurka (santi ɗaya) da shi, sojoji kuma suna buƙatarsa don kwanson harsashi da waya. Sai aka buga kwabon 1943 da baƙin ƙarfe, aka shafe shi da tutiya, sama da guda biliyan 1 a gidajen buga kuɗi na Philadelphia da Denver da San Francisco. Jama'a ba su so shi ba ko kaɗan. Yana sabo fari ne fat, ana rikita shi da sulen santi 10 wajen canji. In ya sha danshi ya yi tsatsa. Injinan sayar da kaya kuma su ƙi karɓarsa, don mayen ƙarfen da ke cikinsu na ɗaukarsa a matsayin jabu. Shekara ɗaya tak ya yi, a 1944 aka koma jan ƙarfe.

Abin dariya, 'yan ƙwayoyin da aka buga da jan ƙarfe bisa kuskure a 1943 su ne yau masu tara tsofaffin kuɗi ke rububi. A 2010 an sayar da ɗaya kan dala miliyan 1.7.