Wayar da matuƙin jirgin feshi ba ya gani

'Yan uwa manoma, idan tsuntsun jan-baki ya sauko wa shinkafa a fadamun Haɗeja ko na Kebbi, addu'ar kowa ita ce gwamnati ta turo jirgin feshi. Ni malamin gona ne, nima haka nake roƙo. Amma a wannan jirgin akwai ɗan Adam, kuma aikinsa na cikin mafi haɗari a harkar tuƙin sama.

A Amurka, inda aka fi yin wannan sana'a, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙirga haɗarin jiragen feshi 78 a shekarar 2013, mutum 10 suka rasu. Cikin abubuwan da ta gano akwai gajiyar matuƙa, da sakaci wajen gyaran inji, da karo da abin da ke tsaye a gona.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin mu ya shafa. Jirgin feshi ba ya tashi can ƙololuwa. Ƙasa-ƙasa yake bi, wani lokacin giginya ma ta fi shi tsawo, ga gudu, ga tanki cike da magani. Matuƙi yana iya hango turken lantarki, amma siririyar wayar da ke tsakanin turaku ɓacewa take yi a idonsa. Haka wayoyin da aka ɗaure dogon ƙarfen sabis da su. To feshin jan-baki kuma da almuru ake yinsa, lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu cikin kacala, haske ya soma janyewa. A ƙarshen fili sai ya ɗaga ya juyo. Idan nauyi ya yi yawa, gudu ya ragu, nan ma jirgi kan rikito.

Matuƙin baƙo ne, mu ne 'yan gari. Kai ka san inda aka ja sabuwar waya zuwa injin ban-ruwa bara. Don Allah, da zarar an sanar da ranar feshi, ka gaya wa mai unguwa ko malamin gonarku kowace waya, kowane ƙarfe, kowace doguwar bishiya. A janye yara da dabbobi daga wurin.

In kuwa ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, kada a ruga kallo. Ga man jirgi, ga guba ta malale. Masu ceto su tunkaro ta inda iska ke fitowa, a rufe hanci da hannuwa, wanda maganin ya taɓa a cire masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti.