Waiwaye: Wa ke magana da yawun likitan sashen gaggawa?

Duk wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa na babban asibiti a Sakkwato ya san yadda daren yake. Ƙarfe biyu a shigo da wanda aka harba da bindiga daga wajen Isa ko Sabon Birni, ba a gama da shi ba sai ga waɗanda suka yi hatsari a hanyar Gusau, 'yan uwa sun cika ƙofa ana ta "Likita, don Allah duba mana shi." Wanda ke tsaye kansu galibi matashin likita ne mai neman ƙwarewa. Shekara da shekaru kuwa, aro shi ake yi daga sashen tiyata ko wani sashe, ya yi watanninsa ya koma sashensa.

Mai da aikin gaggawa fanni mai zaman kansa ba tsohon abu ba ne. A Amurka aka fara horon a Jami'ar Cincinnati a 1970. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1974, masu karɓar horon suka kafa ƙungiyarsu, EMRA, tun kafin a amince da fannin a hukumance a 1979. Wato ba su jira manya sun ba su kujera ba. Afirka ta Kudu ta amince da shi a 2003, Ghana ta fara horo a Kumasi a 2009, Tanzaniya ta biyo baya a 2010.

Mu nan mun makara. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa tana nan tun 1979, amma sai a 'yan shekarun nan ta buɗe tsangayar wannan fanni.

Murya dai akwai, NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, mai reshe a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ta yi rawar gani: dokar horar da likitoci ta 2017, kuɗin horo, da yajin aikin wata biyu na 2021, wanda bayansa aka ƙara alawus ɗin haɗari da ya daɗe a naira 5,000. Sai dai a babban taro, masu yawa ke da rinjaye, 'yan gaggawa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ga shi damuwarsu daban ce. Dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai neman agajin gaggawa, wata dokar ta daban ta 2017 ta ce a yi wa wanda aka harba da bindiga magani ko babu takardar 'yan sanda. To wa zai biya kuɗin jini da allura? Wa zai tare fushin dangi idan rai ya yi halinsa?

A ganina, aikin wakilinsu ke nan, ba neman muƙami ba. Wahalarsa ita ce lokaci: taron reshe da rana ake yi, shi kuwa sau da yawa da safe ya sauka daga aikin dare.