Ma'anar Entalpi da Ƙimar Ɗaukar Zafi a Iskar Gas

Ƙimar ɗaukar zafi ita ce yawan makamashin da ake buƙata domin a ɗaga zafin kilogiram ɗaya na wani abu da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyos. Kilogiram ɗaya na ruwa yana cin jul (ma'aunin makamashi) kusan 4,186 kafin ya hau wannan digiri ɗayan, shi ya sa tukunyar ruwa take daɗewa a kan wuta. Ga ruwa ko ƙarfe, adadi ɗaya ya wadatar a lissafin yau da kullum, domin ba sa kumbura sosai idan suka ɗumama. Iskar gas kuwa tana da ƙima biyu, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke rikicewa.

A ɗauki iska a rufe ta cikin tukunyar ƙarfe wadda ba ta da wurin faɗaɗa, sannan a ɗumama ta. Duk zafin da ya shiga zai tsaya ne a cikinta, ya ƙara wa ƙwayoyinta saurin kai da kawowa, kuma kilogiram ɗaya zai buƙaci jul kusan 718 a kowane digiri. Idan aka zuba iskar nan a silinda mai fistan, wato murfin da ke iya motsawa sama da ƙasa, yadda matsinta ba zai canza ba, sai ta kumbura ta tura fistan sama, wani ɓangare na zafin ya tafi wajen wannan turawar. Saboda haka sai an ba ta jul kusan 1,005 kafin ta hau digiri ɗaya. Bambancin jul 287 da ke tsakaninsu shi ne aikin da iskar ta yi. Da wannan bambanci ne Julius Robert Mayer, wani likita Bajamushe, ya ƙiyasta a shekarar 1842 yawan aikin da ya yi daidai da wani adadi na zafi, kuma a ganina wannan yana cikin kyawawan hujjojin da ke nuna cewa zafi wani nau'in makamashi ne.

Entalpi dabara ce ta haɗa lissafin nan wuri guda. Ana samun ta ne idan aka tara makamashin da ke cikin iskar da sakamakon ninka matsinta da girman wurin da ta cika, wato H = U + pV, inda H ke nufin entalpi, U makamashin cikin iskar, p matsi, V kuma girman wurin. Muddin matsi bai canza ba, zafin da ya shiga iska daidai yake da ƙaruwar entalpinta. Idan aka ɗumama kilogiram 2 na iskar ɗaki daga digiri 20 zuwa 30, entalpinta za ta ƙaru da jul 20,100, wanda 5,740 daga ciki suka tafi wajen ture iskar da ke kewaye da ita. Injiniyoyi sun fi dogara da entalpi a duk inda iska take gudana, kamar na'urar sanyaya ɗaki, injin jirgin sama da injinan tashar wutar lantarki mai aiki da gas, domin kowane kilogiram da ya shiga bututu sai ya ture wanda ke gabansa, kuma entalpi ta riga ta ƙunshi wannan turawar a cikin lissafinta.