Cire gidan harsashi ba ya nufin bindiga ta zama fanko

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an zare gidan harsashi daga ƙaramar bindigar hannu mai ɗura kanta, shi ke nan, babu sauran haɗari. Ba haka ba ne, kuma wannan zaton ya sha jawo asarar rai.

Irin wannan bindiga tana harba harsashi ɗaya duk lokacin da aka ja kunama. Ƙarfin harbin ne ke tura murfin sama baya, ya watsar da kwanso, sannan ya dawo ya cusa sabon harsashi a gindin bututu. To, wannan harsashin ya riga ya bar gidansa. Ko an cire gidan, yana nan zaune. Misali, bindigar da ake kira Glock 19, wadda ta fito a 1988, gidanta na ɗaukar harsashi 15, amma tana iya riƙe na 16 a bututu, kuma za ta tashi ba tare da gidan ba. Wasu, kamar Browning Hi-Power, an yi musu makari da ke hana hakan. Sai dai a bindigar da ta wuce ta hannun wani, wa ya san ko an cire makarin?

Shi ya sa idan mai sayarwa ya ce babu komai a ciki, a ji kawai. A cire gidan tukuna, a ja murfin baya, a leƙa gindin bututun da ido, yatsa nesa da kunama, bakin bindiga kuma ba ya kallon kowa.