Masu ruwa da tsaki a sharar kayan lantarki a Najeriya

Sharar kayan lantarki ita ce duk na'urar da ke aiki da wuta ko batir da aka daina amfani da ita: waya, kwamfuta, talabijin, firji da makamantansu. A Najeriya sarrafa ta ya rataya a wuyan hukumomi, kamfanoni, 'yan kasuwa, masu gyara da 'yan jari bola.

Tarihi

Dokokin wannan fanni sun samo asali ne daga abin da ya faru a garin Koko na jihar Delta ta yanzu. A 1988 aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili, tun wajen 1987 ake shigo da su. Gwamnatin soja ta matsa har aka mayar da su, sannan ta kafa dokar hana shara mai cutarwa da kuma hukumar kare muhalli ta FEPA duk a shekarar. Wannan badaƙala na cikin abubuwan da suka zaburar da duniya wajen ƙulla Yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe a 1989, wadda ta fara aiki a 1992. Ƙasashen Afirka sun ga ba ta wadatar ba, suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar baki ɗaya.

Hukumomi da kamfanoni

Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan dokokin muhalli, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idojin kayan lantarki. Kwastan na duba kaya a tashoshin ruwa na Legas. Ƙungiyar EPRON, da ta fito a wajen 2018, ta haɗa masu ƙerawa da masu shigo da kaya domin su ɗauki nauyin na'urorinsu bayan na'urorin sun mutu. Kamfanonin sake sarrafawa masu lasisi kaɗan ne, akasari a Legas.

'Yan kasuwa da masu gyara

Kayan lantarki da aka riga aka yi amfani da su na shigowa kasuwannin Alaba da Computer Village a Legas, wasu a ɓoye cikin tsofaffin motoci, daga nan su bazu har kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Masu gyara na ƙara wa na'ura shekaru, abin da ba a cika yaba musu a kansa ba. Ana taƙaddama kan ko kayan waje ne ko amfanin cikin gida ya fi haifar da sharar.

'Yan jari bola

Su ne ke tattara mafi yawan abin da ake tattarawa, kuma da yawansu matasa ne 'yan Arewa da ke tura kura unguwa-unguwa. Suna sayar wa 'yan gwangwan, su kuma su tara su kai wa manyan dillalai. Tagulla suka fi nema, shi ya sa ake ƙona wayoyin wuta don cire robar jiki, ana shaƙar hayaƙin ba takunkumi ba safar hannu. Gilashin tsohon talabijin na ɗauke da dalma, wadda ke lahanta ƙwaƙwalwar yara. A Agbogbloshie, wani filin 'yan gwangwan da ke Accra, babban birnin Ghana, inda 'yan arewacin Ghana suka fi yawa a wannan sana'a, hukuma ta rushe filin a 2021, sai aikin ya warwatsu zuwa wasu unguwanni. A farkon 2025 mahukuntan Abuja sun hana yawon bola cikin birni saboda zargin satar kayan gwamnati.

Masu amfani

Yawancin gidaje suna ajiye matacciyar waya a durowa, ko su sayar wa mai kura.